Haɗa Rigakafin Ƙwayoyin Dandiritik da Kemo da Gashi wajen Magance Kansar Fankiriyas

Gabatarwa

Kansar fankiriyas, wato gaɓar da ke kwance a bayan tumbi tana samar da insulin da ruwan narka abinci, tana cikin cututtukan daji mafi wuyar magani. Takan yi girma a ɓoye, sai ta bazu kafin shawara ko rama ko ciwon baya su bayyana. Kashi 15 zuwa 20 cikin ɗari ne kawai na masu ita ake iya yi wa tiyata a lokacin da aka gano ta. Kemo yana ƙara kwana, amma kaɗan: a gwajin Faransa da aka wallafa a 2011, haɗin FOLFIRINOX ya kai matsakaicin rayuwar waɗanda cutar ta bazu a jikinsu wata 11.1, gemcitabine kuma wata 6.8. Wannan ne ya sa masu bincike suka karkata ga garkuwar jiki.

Yadda ake haɗa rigakafin

Ralph Steinman da Zanvil Cohn ne suka gano ƙwayoyin dandiritik a Jami'ar Rockefeller a 1973. Aikin waɗannan ƙwayoyi shi ne tsinto ɓurɓushin abin da ba na jiki ba, su kai shi kaluluwa, su nuna wa ƙwayoyin T don su san abokin gaba. Rigakafin da ake yi da su na wanda ya riga ya kamu ne. Ana tace fararen ƙwayoyi daga jinin majiyyaci, a raine su kusan mako guda da sinadaran GM-CSF da IL-4, a ɗora musu alamomin kansar irin su WT1 da MUC1 ko ruwan ƙwayoyin kansa da aka farfasa, sannan a mayar da su ta allura a fata. A 2010 hukumar FDA ta Amurka ta amince da irin wannan magani, sipuleucel-T, ga kansar prostate ta maza. Steinman kansa ya kamu da kansar fankiriyas a 2007, aka gwada masa rigakafin tare da kemo, ya rasu a 2011 kwana uku kafin a sanar da ba shi kyautar Nobel.

Dalilin haɗawa

Rigakafin shi kaɗai ba ya kai labari a wannan cuta. Ƙullun kansar yana kewaye da nama mai tauri kamar ganuwa, wanda ke hana ƙwayoyin T shiga. A cikinsa kuma akwai ƙwayoyi masu danne garkuwar jiki, don haka ko an horar da ƙwayoyin T, sukan isa wurin su rasa ƙarfi.

Kemo da gashi, wato maganin radiyeshon, suna iya sassauta wannan yanayi. Gemcitabine yana rage wasu daga cikin ƙwayoyin da ke danne garkuwa. Oxaliplatin, wanda ke cikin FOLFIRINOX, yana kashe ƙwayar kansa ta hanyar da ke jawo hankalin garkuwa, domin ƙwayar da ke mutuwa tana fitar da calreticulin da ATP da HMGB1, waɗanda ke kiran ƙwayoyin dandiritik. Gashi ma haka yake yi, yana kuma ƙara bayyana alamomin kansar a fuskar ƙwayoyinta. Ke nan kemo da gashi suna rage ƙullun suna buɗe hanya, rigakafin kuma yana bin ragowar da hoto ba ya gani.

Matsalar lokaci

Magungunan da ke buɗe hanyar su ne kuma ke kashe fararen ƙwayoyin jini. Gashi na makonni biyar ko shida yakan rage ƙwayoyin T sosai, shi ya sa ake duba gashi mai ƙarfi na zama kaɗan da ke auna ƙullun kai tsaye. Magungunan sitiroyid da ake bayarwa don hana amai lokacin kemo su ma suna raunana garkuwa. Saboda haka lokacin ɗibar jini, tazarar da ke tsakanin kemo da allura, da abin da zai fara zuwa, duk suna iya sauya sakamako.

Abin da gwaje-gwaje suka nuna

A Japan aka fi gwada rigakafin WT1 tare da gemcitabine ko S-1. A Rotterdam ta Holan, cibiyar Erasmus ta gwada wani rigakafin dandiritik na daban bayan tiyata da kemo. Illolinsa ba su da yawa: zazzaɓi na ɗan lokaci da kumburi a wurin allura. Waɗanda garkuwarsu ta amsa sun fi daɗewa, sai dai yana iya yiwuwa su ne dama masu sauran ƙarfin jiki. Gwaje-gwajen ƙanana ne, galibi ba rukunin kwatance. Akwai darasi a gwajin TeloVac na Birtaniya na 2014, inda wani rigakafi na daban ya gaza ƙara kwana a kan kemo cikin majiyyata sama da 1,000.

Kammalawa

Haɗin yana da hujja a kimiyyance, amma har yanzu yana matakin bincike, ba ya cikin magungunan da aka tabbatar wa wannan cuta. Tsadarsa da buƙatar ɗakin gwaji na musamman ga kowane majiyyaci suna taƙaita yaɗuwarsa. Abin da ya rage shi ne manyan gwaje-gwaje masu rukunin kwatance, da za su tantance jerin magungunan da irin majiyyatan da suka fi amfana.