Da Tsohuwar Zuma Ake Magani: Jawabi Kan Tsofaffin Matuƙan Jiragen Sama



Tun 1925 da jirgin sama ya fara sauka a Kano muke ɗaga kai muna kallon wannan abin al'ajabi. A 1964 aka kafa makarantar koyon tuƙin jiragen sama a Zariya, 'ya'yanmu suka kama sitiyari da hannunsu. Tambayar da muka zo da ita yau ita ce: ina matuƙi yake zuwa idan furfura ta kama shi?

Bisa ƙa'idar hukumar sufurin jiragen sama ta duniya, ICAO, wanda ya cika shekara 65 ba zai ƙara tuƙa jirgin fasinja tsakanin ƙasashe ba. Ranar nan mutumin da ya yi shekara 30 ko 40 a sararin sama zai tuɓe hula ya koma gida, ilminsa ya bi shi. A wannan lokaci kuma, a ƙasashe da dama, masu koyar da sababbin ɗalibai samari ne da suka sami lasisi da awa 200 ko kusa da haka, suna koyarwa don su tara awa 1,500 da ake bukata kafin samun babban lasisi. Da sun cika sai su yi gaba. Ba mu raina su ba, amma abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai gan shi ba.

Littafi yana koya wa ɗalibi yadda zai tashi. Dattijo ne zai koya masa ranar da bai kamata ya tashi ba: ranar da hazon hunturu ya rufe filin jirgi, fasinjoji suna gunaguni, mai kamfani yana matsa lamba. A 2009, da tsuntsaye suka kashe injuna biyu na jirgin Kyaftin Sullenberger a Amurka, ya saukar da shi a kogin Hudson, mutum 155 duk suka tsira. Shekarunsa 57 a lokacin. Natsuwa irin wannan a bakin wanda ya ga jiya ake ɗaukarta.

Komawa malami ba ƙaramin aiki ba ne. Dole tsohon kyaftin ya sake zama ɗalibi, ya ci jarrabawar koyarwa, ya bar kujerar hagu ya koma ta dama a ƙaramin jirgi, ya naɗe hannu yana kallon yaro yana kuskure, ba zai karɓe ba sai ya ga haɗari. Idan likita ya hana shi tashi, yana iya koyarwa a aji ko a na'urar kwaikwayon tuƙi. Muna da abin koyi: Kyaftin Chinyere Kalu, mace ta farko a Nijeriya da ta zama matuƙiyar jirgin kasuwanci, ta koyar a Zariya har ta shugabanci makarantar a 2011.

Saboda haka muna kira ga hukumomi da su tanadi albashi da martabar da za su jawo waɗannan dattawa zuwa aji. Mu kuma da za mu riƙe ofisoshi gobe, idan takardar wani tsohon gwani ta iso teburinmu, kada mu dubi shekarunsa mu ture ta gefe, mu dubi yaran da za su amfana da shi.

Allah Ya sa mu dace.