Saƙon Makiyayi da Hanyar da Yake Bi

Shugabanni, ardo-ardo, iyaye da 'yan'uwa da muka hallara a nan unguwar Atrone ta birnin Njamena, muna gaishe ku.

Dukanmu mun san abin da kan faru idan garke ya bar Dourbali ya nausa daji: rezo ya ɗauke. Airtel da Moov sun fi kafa eriyoyinsu a garuruwa da bakin manyan hanyoyi, mu kuwa burtali muke bi. Ranar da aka kore shanu, ko ciwo ya shiga garke, labari kan iso bayan aikin gama ya gama.

Masana sun daɗe suna neman dabarar da na'urori za su riƙa miƙa wa juna saƙo babu eriya, wannan ta ba waccan har ya isa. Wahalar ita ce kowa tafiya yake yi, hanyar da ta yi da safe ta yanke da yamma. A 2003 aka wallafa tsari biyu. Na farko, OLSR, kamar ardo ne mai aika yara kullum su gano inda kowace ruga ta sauka. Hanya a shirye take, amma yawan aike yana cinye batir, yana kuma tare wa saƙon gaske wuri. Na biyu, AODV, ba ya aike sai buƙata ta taso. Akwai tsimi, amma akwai jinkiri, kuma in ruga ɗaya ta tashi sai a koma nema.

A 2004 malaman Jami'ar Princeton ta Amurka sun rataya wa jakunan dawa na'urori a Kenya. Kowace takan riƙe labari, sai ta haɗu da wata ta ba ta. Ashe ba haka muke yi a bakin rijiya ba tun zamanin kakanni?

To, ga abin da muke shawarta. Inda babu rezo mu kashe waya, domin neman eriya yana shanye batir. Inda rezo ba shi da ƙarfi mu tura rubutaccen saƙo, shi yakan jira har a samu mai shi. Kowace ruga ta tsayar da lokaci da tudun da za a hau a kunna waya. Labari mai nauyi kuwa, kamar na sata, a bi da shi hanya biyu: waya da ɗan aike.

Muna kuma roƙon hukuma da kamfanoni su tuna da burtali da mashaya wajen kafa eriya, domin mu ma muna biyan haraji.

Allah ya tsare mu da dukiyarmu. Wassalam.