Doki Da Sirdinsa: Zaɓen Furosesa Da Kayan Da Suka Dace Da Ita

Jawabin da aka gabatar a zauren taron ɗalibai



 Tun da farko ya kamata mu faɗa muku cewa mu ba gwanaye ba ne, ɗalibai ne kamar kowa, kuma abin da ya ba mu bakin magana a kan haɗa kwamfutar wasa shi ne hasarar da muka tafka da hannunmu.

Bara, mu huɗu da ke ɗaki ɗaya muka yi adashi na zango biyu domin mu haɗa kwamfuta tamu ta kanmu. Muka sayi furosesa ta Intel mai lamba Core i5-12400F, muka sayi faifan nan mai faɗi da ake dasa kome a kansa, wanda masu gyara ke kira madabod, sa'an nan muka sayi RAM irin na DDR5, don mun ji an ce shi ne sabo. Ranar haɗawa RAM ya ƙi shiga gurbinsa. Ashe madabod ɗinmu na DDR4 ne. Mai shago ya ce kayan da aka ɓare ba ya komawa, dole muka sayar da shi da faɗuwa. Da muka samo wanda ya dace muka kunna, fanka tana juyawa, amma allon kallo baƙi ƙirin. Sai a ranar muka san cewa harafin F da ke ƙarshen lambar yana nufin furosesar ba ta fitar da hoto da kanta, sai da katin hoto, mu kuwa mun ɗage sayensa sai wani zango. Haka kwamfutar ta yi mako shida a ƙarƙashin gado. Gaskiyar masu magana, sauri ya haifi nawa.

Abin da muka koya, wanda kuma shi ne jigon jawabinmu, shi ne ba a zaɓen furosesa ita kaɗai. Mai sayen doki, in yana da hankali, tun kafin ya biya yakan tuna da sirdi da linzami da barga da harawa, ya kuma san ko don kilisa yake sonsa ko don sukuwa. Wanda ya zuba dukiyarsa duka a kan dokin, ƙarshenta ya hau shi zalla.

Furosesa ita ce ke yin lissafi da ba da umarni a cikin kwamfuta. A 1971 kamfanin Intel ya fitar da wata mai lamba 4004, tana ɗauke da taransista 2,300. Na yanzu kuwa suna ɗauke da biliyoyi. A fagen kwamfutar tebur ta wasa kamfani biyu ne ke riƙe da kasuwa, dukansu na Amurka: Intel, wanda aka kafa a 1968, da AMD, wanda aka kafa a 1969. Kowannensu yana da irin gurbin da furosesarsa ke zama a kan madabod, watau soket, kuma ta wannan ba ta shiga gurbin waccan ko da an danna da guduma. Har a gida ɗaya ma gurbin yakan sauya daga zamani zuwa zamani.

Ga yadda abin yake. AMD ya fito da gurbin AM4 a 2016, furosesoshin Ryzen suka fara zama a kansa a 2017, har zuwa jerin 5000, kuma DDR4 yake ɗauka. A 2022 ya fito da AM5, mazaunin jerin 7000 da 9000, wanda ba ya karɓar kome sai DDR5. Intel kuwa ya fito da LGA 1700 a 2021, wanda ya ɗauki tsara ta 12 da ta 13 da ta 14. A nan ne tarkon da ya kama mu yake, gama madabod ɗin wannan gurbi iri biyu ne, akwai na DDR4, akwai na DDR5, kuma babu mai ɗaukar na wani. A 2024 Intel ya koma LGA 1851 don jerin Core Ultra 200S, shi ma DDR5 kaɗai. DDR4 da DDR5 tsawonsu ɗaya, kowanne haƙoransa 288, amma tsagar da ke ƙasansu ba wuri ɗaya take ba. Da ido mutum zai rantse abu ɗaya ne.

Daga wannan tarihi akwai darasi ga mai ƙaramin ƙarfi. Wanda ya sayi madabod na AM4 shekarun baya, sau da yawa ya sami damar sauya furosesa kawai ya ci gaba da tafiya. Wanda ya saya yau kuwa ya sani cewa ya shiga gidan da aka gama gininsa, ba sauran ƙarin ɗaki, ko da yake kuɗinsa da sauƙi. AM5 ya fi tsada, amma a 2024 AMD ya yi alkawarin ci gaba da tallafa masa har zuwa 2027 da bayanta. Saboda haka kafin mu zaɓa, mu tambayi kanmu: kwamfutar da za mu bari yadda take muke so, ko wadda za mu riƙa ƙara mata ƙarfi in albashi ya fara shigowa?

To, wace irin furosesa ce ta ishi mai wasa? A nan mutane da yawa ke yin tuntuɓe, domin lamba mai girma tana da daɗin faɗa a gaban abokai. A cikin wasa aiki ya rabu biyu. Furosesa ce ke lissafin motsin 'yan wasa da dokokin wasan, katin hoto kuma shi ke zana abin da ido ke gani, sau 60 ko fiye a kowane sakan. A yawancin wasanni katin hoto ne ya fi ɗaukar nauyi. In aka haɗa furosesa mai tsada da kati mai rauni, sai ta riƙa gama aikinta tana zaman jiransa, kuɗin da aka kashe mata kuwa sun tafi a banza. Furosesa mai ƙwaya shida, kamar Ryzen 5 5600 ko Core i5-12400F, ta wadatar wa yawancin wasanni a kan allon 1080p. Shawararmu ita ce kaso mafi tsoka na kuɗin ya tafi ga katin hoto.

Kada kuma a ɗauka yawan ƙwaya shi ne kome. A 2022 AMD ya fitar da Ryzen 7 5800X3D, mai ƙwaya takwas kacal, amma an ɗora mata wata ma'ajiya ta kusa mai girman megabayit 96, inda take ajiye abin da take yawan bukata don kada ta riƙa zuwa RAM. Kamar magini ne da aka jibge masa bulo a gefensa, maimakon ya riƙa aike. A wasanni da dama ta wuce waɗanda suka fi ta yawan ƙwaya. Haruffan ƙarshen lamba ma karatu ne. A wajen Intel, F na nufin babu hoto a ciki, K kuwa na nufin ana iya ƙara mata gudu, amma sai a kan madabod mai harafin Z. A wajen AMD, Ryzen 5 5600 ba ta fitar da hoto, 5600G tana fitarwa. Wanda ba shi da kuɗin kati yanzu zai iya farawa da irin wannan ta biyun.

Ko da gurbi ya dace, akwai sauran rina a kaba. Kowane madabod yana da ɗan shirin da ke tashe shi, wanda ake kira BIOS, kuma tsohon BIOS ba ya gane sabuwar furosesa. Alal misali, madabod mai lamba B450 da aka ƙera kafin fitowar jerin 5000 ba zai tashi da Ryzen 5 5600 ba sai an sabunta shi. Kowane kamfanin madabod yana da jerin furosesoshin da faifansa ke ɗauka a shafinsa na intanet, dubawa kuwa ba ta fi minti biyar ba. Game da RAM, gigabayit 16 shi ne mafari mai kyau, kuma gara a sayi guda biyu masu 8 da guda ɗaya mai 16, domin hanya biyu ta fi ɗaya saurin wucewar kaya. A auna akwatin ma: madabod na ATX milimita 305 ne da 244, ba zai shiga akwatin da aka yi don ƙaramin microATX ba, dogon katin hoto kuma yakan tokare.

Sai maganar wuta da zafi, wadda ta shafe mu fiye da mutanen ƙasashen da ake ƙera kayan nan. Akwatin wuta, wanda ke rarraba lantarki ga sauran kaya, shi aka fi rainawa wajen saye, alhali in ya lalace yana iya tafiya da maƙwabtansa. Katin RTX 3060 shi kaɗai yana jan wat 170, kamfanin Nvidia kuma ya ba da shawarar akwatin wuta mai wat 550 ga kwamfutar da ke ɗauke da shi. A nemi sanannen ƙira mai tambarin 80 Plus, gama araha ba ta ado. Tun da wutarmu takan ɗauke ta dawo da ƙarfi, mu sa kuɗin UPS cikin lissafi tun farko. A zafin bazara kuwa furosesa mai wat 65 ta fi sauƙin sanyayawa, kuma irinsu sukan zo da fankarsu a kwali, saɓanin masu K da X3D da sai an saya musu dabam. Lokacin hunturu a riƙa kaɗe ƙura, don ita ke toshe iska.

Da yawanmu kayan hannu za mu saya, kuma babu laifi, muddin ba a yi cinikin biri a sama ba. Furosesar AM4 allurorinta a jikinta suke, a duba ko wata ta lanƙwashe. A AM5 da gurabun Intel kuwa allurorin suna cikin gurbin madabod, can za a leƙa. Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10 ranar 14 ga Oktoba 2025, Windows 11 kuwa a ƙa'ida tana bukatar Intel tsara ta 8 ko Ryzen 2000 zuwa sama, don haka a yi hattara da tsofaffi masu arha. Haka kuma a 2024 Intel ya amsa cewa wasu furosesoshinsa na tsara ta 13 da ta 14 suna lalacewa saboda yawan ƙarfin wuta, ya fitar da gyara ta hanyar BIOS, ya ƙara shekara biyu a kan garantinsu. Gyaran yana kare lafiyayya, ba ya warkar da wadda ta riga ta illata. Kada a biya sai an ga kaya suna aiki.

A taƙaice, ga tsarin da da mun bi shi da ba mu yi kuka ba. A fara da sanin wasannin da ake so da allon da za a kalla, a ƙayyade kuɗi, a zaɓi katin hoto, sa'an nan furosesar da za ta iya tafiya da shi, sai madabod mai gurbinta, sai RAM irin nasa, sai SSD, sai akwatin wuta da akwatin da zai ɗauke su duka. A rubuta lambobin a takarda, a nuna wa wanda ya sani, kafin kobo ɗaya ya fita daga aljihu. Matambayi ba ya ɓata.

Wataƙila wani daga cikin magabatanmu ya ce duk wannan dogon bayani a kan wasa ne? Amsarmu ita ce kwamfutar da ta iya wasa ta iya zanen gini da tace bidiyo da lissafin injiniya, kuma wanda ya haɗa ta da hannunsa ya koyi sana'ar da ake biya a kanta. Amma mu tuna wa juna, karatu ya kawo mu nan, kada dare ya ƙare a kan allo alhali jarrabawa na tafe. Tamu dai tana aiki yanzu, kuma ƙofar ɗakinmu a buɗe take ga duk mai son a duba masa takardarsa kafin ya tafi kasuwa.