Yadda Niyya Ke Sulalewa, da Yadda Za Mu Ɗaure Ta

(Jawabin da aka gabatar a taron ɗalibai 'yan unguwar Kurmin Mashi, Kaduna)



An ɗora mana nauyin yin magana a kan yadda ɗalibi zai ƙudura niyya ya kuma cika ta. Muna zaton an zaɓe mu ne domin mun fi kowa saɓa alkawarin da muka yi wa kanmu, saboda haka mun san hanyoyin da niyya takan bi ta sulale.

Mu tuna shekarar 2022. Ƙungiyar malaman jami'o'i, watau ASUU, ta shiga yajin aiki ran 14 ga Fabrairu, ba ta janye ba sai ran 14 ga Oktoba. Wata takwas cur. Da yawanmu mun dawo gida da jakunkuna cike da littattafai da manyan ƙudurori: wannan zai gama littafin da ya gagare shi a aji, wancan zai koyi kanikanci a gareji, waccan kuwa za ta ƙware a ɗinki. Ranar da aka ce a koma makaranta, wasunmu sai da muka kaɗe ƙurar littattafan kafin mu mayar da su jaka. Lokaci kam mun same shi har ya yi mana yawa. Kuskurenmu shi ne mun faɗi abin da za mu yi, amma ba mu yanka masa sa'a ko wuri ba, kullum sai mu ce gobe.

Wani masanin halayyar ɗan'adam Bajamushe, Peter Gollwitzer, ya yi bayani a 1999 cewa niyyar da aka haɗa ta da lokaci da wuri ta fi saurin cika bisa wadda aka bari a sake. Alal misali, wanda ya ce "zan ƙara ƙwazo" bai ce kome ba tukuna. Wanda ya ce "da na idar da sallar asuba zan zauna a zaure in karanta shafi 10 kafin in taɓa waya", shi ne ya kafa turke. Maƙwabtanmu na tsohon barikin NDA, makarantar da aka kafa a 1964, sun daɗe da sanin haka. Kurtu ba ya shawara da zuciyarsa a kan ko yau yana jin fita fareti. An riga an yanka lokacin tun jiya.

To, amma malaman da suka fi dacewa da mu suna cikin gidajenmu, watau iyayenmu mata masu adashi. Ku dubi tsarinsu da kyau. Kuɗin zubi ƙayyadadde ne, kuma daidai ƙarfin mai zubawa, ba a ɗora wa mai sayar da ƙosai abin da zai cinye mata jari. Ranar zubi sananniya ce. Uwar adashi tana riƙe da lissafi, in kuwa an makara sai ta aiko yarinya har ƙofar ɗaki. Bayan haka akwai kunya, domin kowa ya san mai kwasa ta wannan mako tana jira, wataƙila kayan ɗakin 'yarta za ta saya. Matar da ba za ta iya ajiye Naira 500 a ƙarƙashin katifa har kwana uku ba, ga ta tana zubi shekara guda ba fashi. Halinta bai sake ba, mutane ne suka riƙe ta.

Mu ma muna iya yin adashin karatu. Mutum uku ko huɗu su yanka abin da kowa zai kawo ran Asabar, ko babi guda da ya karanta ya kuma bayyana wa saura, ko lissafi biyar da ya warware, ɗaya daga ciki ya riƙe littafin rajista. Amma fa a yi hattara, in aka kai goma an zama majalisa, kuma mun san inda hirar majalisa takan ƙare: ƙwallon Ingila da siyasa.

Saura batun fashi, wanda shi ne ya fi kashe mana gwiwa. Akan ce kwana 21 sun isa abu ya zama jiki. Phillippa Lally da abokan aikinta a wata jami'a ta Landan sun bi mutum 96 har mako 12, suka buga sakamakon a 2009. Sun ga cewa matsakaicin lokacin kwana 66 ne, wasu ya ɗauke su 18, wasu kuwa aka ƙiyasta sai sun kai 254. Sun kuma ga cewa tsallake rana guda ba ya rushe ginin. Saboda haka in an ɗauke wuta, ko an aike mu Kasuwar Barci mun wuni, sai mu koma kan turkenmu washegari, kada mu jira sabon zango ko sabuwar shekara.

Yanzu za a zagayo da takarda. Kowa ya rubuta abu guda kawai, da sa'arsa, da wurinsa, da sunayen mutum biyu da ya yarda su tuhume shi. Sakatare zai ajiye ta, kuma a hutu mai zuwa, in Allah ya kai mu, za a karanta ta a wannan ɗaki. Sunanmu ne na farko a kai.