Hoton Ƙofa Da Lissafin Ɗigo



A shekarar 2010 aka rushe tsohuwar Ƙofar Na'isa domin faɗaɗa titi. An gina wata a gurbinta, amma wanda ke son ganin ta dā, sai a hoto. Badala kuwa kullum zaizayewa take yi. Mu da ke yawo da waya a aljihu, mu ne masu ɗaukar hotunan abin da ya rage, saboda haka ya kamata mu san ko za su bugu a takarda.

Hoton waya ɗigo-ɗigo ne da ake kira fiksel, an jera su kamar zare a ɗinkin hula. Kyamara mai ɗigo miliyan 12 takan ba da 4,000 a tsawo, 3,000 a faɗi. Wannan shi ne jarin hoton. Lambar nan da kwamfuta ke nunawa, 72 ko 300, umurni ce kawai ga na'urar bugawa: ɗigo nawa za ta cusa cikin inci guda.

To, sai mu raba. In aka ce 300, yadda maɗaba'a ke so ga littafi ko mujalla, hoton zai fito inci 13 da ɗoriya a tsawo, inci 10 a faɗi, watau ya rufe takardar A4 har da saura. In aka ce 72, zai haura inci 55, amma wanda ya matso kusa sai ya ga zanen ƙofar ya dusashe. Hoto ɗaya ne, an dai baza ɗigon. Allon talla na bakin titi bai damu da wannan ba, tun da daga nesa ake kallonsa.

Inda mukan yi asara shi ne wajen turawa. Manhajojin hira sukan rage hoto don ya yi saurin tafiya. A ce an mai da shi ɗigo 1,600, sai mai waya ya share na asali don neman wuri. Abin da ya rage inci 5 ne da kaɗan. Sau da yawa akawu yakan buga 300 a akwatin, ya ɗauka ya gyara. In kwamfuta ta ƙara ɗigo, cikon ƙiyasi ne. Tsagar da ke jikin katanga ba za ta dawo ba.

Haka kuma tsofaffin hotunan da ke akwatunan iyayenmu, irin waɗanda muke gani a Gidan Makama. Mai inci 6 da 4, in aka kwafe shi a na'ura bisa 300, girmansa na dā kaɗai zai bayar. A kwafe shi bisa 600, ya zama 3,600 da 2,400, sai a buga shi inci 12 da 8, ya isa rataye a bango. Kafin a miƙa wa mai shago, a faɗa masa lambar, a kuma karɓi fayil ɗin yadda ya fito daga na'ura.