TAKARDAR MALAMI DA ALBASHINSA
Jawabin da aka gabatar a taron shekara na Ƙungiyar Tsofaffin Ɗalibai



An umarce ni da in yi bayani a kan rajistar malamai da yadda take shafar albashi. Ni ba malami ba ne, ma'aikacin ofis ne, amma fayil-fayil na ma'aikata suna bi ta teburina, kuma abin da na lura da shi shi ne: gwamnati ba ta auna gumin malami, takardar da ke cikin fayil ɗinsa take dubawa.

A shekarar 1993 gwamnatin soja ta kafa Hukumar Rajistar Malamai ta Ƙasa, wato TRCN, da doka mai lamba 31. Hukumar ta kasa malamai gida huɗu: masu digiri na uku, masu digiri na biyu, masu digiri na farko, sai masu takardar NCE, wadda ita ce mafi ƙanƙantar shaidar da aka yarda a shiga aji da ita. Takardar malanta mai daraja ta biyu, wadda yawancin iyayenmu suka fara aiki da ita, tuni aka daina karɓarta. Daga 2017 kuma, sai mutum ya ci jarrabawar hukumar kafin a ba shi lasisi.

A nan ne gizo ke saƙa. Wanda ya yi digiri a lissafi ko kimiyya tsura, ko ya shekara 20 yana riƙe da alli, hukuma ba ta ɗauke shi ƙwararren malami ba sai ya haɗa da difilomar koyarwa, wato PGDE. Jami'o'i suna yin ta, haka ma Cibiyar Malamai ta Ƙasa da ke Kaduna, NTI, wadda aka kafa a 1976, kuma tana koyarwa ba tare da mutum ya bar aikinsa ba.

To, ina ruwan wannan da albashi? A tsarin aikin gwamnati, mai NCE yakan fara daga mataki na 7, mai digiri daga mataki na 8. Bayan yajin aikin da ƙungiyar malamai ta NUT ta yi a 2008, gwamnoni sun amince da ƙarin kashi 27.5 cikin ɗari ga malamai, kuma a jihohi da dama masu takardar koyarwa kaɗai aka ba. Ke nan malamai biyu suna iya koyarwa a aji ɗaya, amma ƙarshen wata kowa da abin da zai kai gida. Tunda kuma da albashin ƙarshe ko da abin da aka tara ake lissafin fansho, asarar takan bi mutum har tsufansa.

Ga wani abin lura. Samun sabuwar takarda ba ya ɗaga mataki da kansa. Sai malami ya nemi izinin ƙaro karatu a rubuce tun kafin ya fara, in ya gama ya miƙa takardar, ya kuma rubuta neman gyaran mataki. Da yawa sun yi karatun, amma takardar tana ƙasan akwati.

Saboda haka ina kawo shawarwari biyu. Na farko, ƙungiyarmu ta ware wani kaso daga kuɗin da muke tarawa don biya wa malaman makarantar nan kuɗin PGDE da na jarrabawar rajista. Na biyu, mu da ke ma'aikatu mu kafa ɗan kwamiti da zai riƙa bin fayil ɗin malamanmu har a sa hannu. Gyaran rufin aji da muke yi duk shekara abu ne mai kyau, amma in malamin kirki ya gaji ya koma kasuwa, wa zai tsaya a ƙarƙashin rufin?

Iyayenmu malamai, ku kuka koya mana cike takarda. Ku ba mu dama yau mu taya ku cike taku.