Makaranta Da Asibiti: Daga Ina Kuɗin Zai Fito?



Abin da ya tara mu yau shi ne gyaran ayyukan da jama'a ke dogara da su, watau makarantu da asibitoci, da kuma hanyar samun kuɗin gudanar da su. Kowane ɗan kasuwa a cikinku ya san bambancin jari da kyauta. Kyauta sai an sami sarari ake yi, amma jari ba a taɓa shi ko da an shiga matsi, domin wanda ya ci jarinsa ya rufe rumfarsa. To, kuɗin da gwamnati ke zubawa a kan ilmin yaro da lafiyar mai ciki jari ne na al'umma, sai dai ribarsa takan ɗauki shekara ashirin kafin ta fito. Kuma tarihin ƙasarmu ya nuna cewa aikin jama'a ba ya ɗorewa sai an ware masa kuɗi tabbatacce tun kafin a buɗe ƙofa.

Mu fara da nan Yamma, inda da yawanmu ke zaune. A 1952 Ministan Ilmi na Jihar Yamma, Cif Awokoya, ya gabatar da shirin ilmin firamare kyauta, amma ba a soma shi ba sai Janairun 1955, Cif Awolowo yana Firimiya. A tsakanin nan an yi ta gina azuzuwa da horar da malamai. An ɗebi kuɗi daga rarar Hukumar Cinikin Koko, kana aka aza wa mutane ƙarin haraji domin ilmi da lafiya. Mutane sun yi gunaguni ƙwarai, har jam'iyyar da ke mulki ta sha kaye a Yamma a zaɓen tarayya na 1954, amma ba a janye shirin ba. Yaran firamare suka tashi daga wajen 457,000 a 1954 zuwa wajen 811,000 a 1955. Yawan likitoci da lauyoyi da injiniyoyin da kuke gani a Badun da Ikko, amfanin gonar da aka shuka a wancan lokaci ne.

Yanzu mu dubi abin da ya faru da aka ɗauki wannan buri zuwa ƙasa baki ɗaya. A Satumban 1976 gwamnatin Janar Obasanjo ta ƙaddamar da ilmin firamare kyauta ga kowa, watau UPE. An yi tsammanin yara wajen miliyan 2.3 za su shiga aji ɗaya, sai ga wajen miliyan 3. Azuzuwa suka gaza, ƙwararrun malamai suka gaza. Mafi muni kuwa, an jingina shirin duka da kuɗin man fetur. Da farashin mai ya faɗi, aka shiga tsuke bakin aljihu a 1982, malamai suka yi watanni babu albashi, daga bisani jihohi da dama suka koma karɓar kuɗin makaranta. Niyya ta yi kyau, amma ba a fafe gora ranar tafiya.

Wannan darasi ne ya sa aka koma ga doka. Dokar ilmin bai-ɗaya ta 2004 ta ce a ware aƙalla kashi 2 cikin ɗari na kuɗin shigar Gwamnatin Tarayya domin firamare da ƙaramar sakandare. Dokar lafiya ta 2014 ta ware aƙalla kashi 1 cikin ɗari domin ƙananan asibitoci, ko da yake ba a sa kuɗin a kasafi ba sai 2018. Amma akwai sharaɗi a dokar ilmi: jiha ba za ta karɓi rabonta ba sai ta ajiye nata daidai da shi. Saboda haka aka yi shekaru biliyoyin naira suna jibge a Abuja, jihohi da yawa ba su je sun ɗauka ba, alhali kuwa yara na zaune a ƙasa cikin ajin da rufinsa ya yaye.

A 2016 kuma aka fito da shirye-shiryen tallafin jama'a: ciyar da 'yan firamare, naira 5,000 a wata ga gidajen matalauta, da naira 30,000 ga matasan N-Power waɗanda aka tura da yawansu koyarwa. A Janairun 2024 gwamnati ta dakatar da shirye-shiryen domin binciken yadda aka sarrafa kuɗinsu. Nan muka ga cewa ware kuɗi kaɗai bai isa ba, sai da idon da zai bi sawunsa.

'Yan'uwa, ina ruwanmu da wannan duka? Mu ma masu hannun jari ne. Mai sayar da tumatir a Mile 12, da dillalin shanu a kara, da mai goro a Shagamu, kowa na biyan kuɗin rumfa da na tasha, kuma duk wanda ya sayi katin waya ya biya harajin kaya, wanda aka ɗaga zuwa kashi 7.5 a 2020. Sashe na 42 na Tsarin Mulkin 1999 ya hana a nuna wa ɗan Nijeriya bambanci saboda ƙabilarsa ko asalinsa. Ashe ke nan makarantar gwamnati da ke kusa da Sabo ta yaranmu ce, haka ma asibitin unguwa. Amma da yawanmu mun ɗauki kanmu baƙi ko bayan shekara talatin, muna biya ba ma tambaya, yaranmu na talla a lokacin da 'ya'yan maƙwabta ke aji.

Don haka ina roƙon abu huɗu. Na farko, kowane yaro, mace ko namiji, a rubuta sunansa a makaranta, ya haɗa da karatun allo. Na biyu, kada a biya kowane haraji sai da rasit. Na uku, sarakunanmu su tabbatar muna da wakilai a ƙungiyar iyaye da malamai da kwamitin asibitin kowace unguwa. Na huɗu, duk mai neman ƙuri'armu, a nan ko a gida Arewa, idan ya yi alkawarin makaranta ko asibiti, mu tambaye shi daga ina kuɗin zai fito, kuma ko jiharsa ta ajiye nata kason ta karɓo na Abuja. Wanda ya kasa amsawa, mun san nauyin alkawarinsa.

Allah Ya shirya mana zuri'a, Ya ba ƙasarmu lafiya da zama lafiya.